Inji ma yana da baki: tambayoyi da amsoshi kan rufa asirin na'urori masu sarrafa kansu

Sana'ata haɗa allunan sarrafa injina ce: famfon rijiyar burtsatse, janareto mai tayar da kansa idan an ɗauke wuta, inbata da batiran sola, da ɗan abin da ya shafi ƙananan masana'antu. Tambayoyin da ke ƙasa ɗalibai da abokan aiki da masu gidaje ne suka yi ta yi mini su a lokuta daban-daban, na tattara su wuri guda. Wasu amsoshin gajeru ne. Wasu kuma na zauna a kansu, domin a nan ne nake ganin mutane suna tafka kuskure mai tsada ba tare da sun sani ba.

Wane irin sirri ne kuma inji zai riƙe?

Sirrin mai shi. Famfon da ke tashi da kansa idan tanki ya sauka yana faɗa wa duk mai kunne yawan ruwan da ake sha a gidan, da ranar da aka daina sha. Injin haɗa lemo a masana'anta yana ɗauke da ma'aunin sukari da zafin dahuwa da tsawon lokacin juyawa, wato asirin kasuwancin gaba ɗaya. Mutum-mutumin da ke kai magani ɗakunan asibiti ya san ɗakin da ake kai maganin cutar da mai ita ba ya so a sani. Tashar rarraba wuta ta san wane layi ne ya yi rauni yau, wanda in an taɓa shi unguwanni za su shiga duhu. Ba wanda ya ce wa injin ya yi magana, amma duk motsin da ya yi, akwai wanda zai iya karanta shi daga waje.

To ai akwai kulle saƙo da mabuɗin lissafi. Wannan bai wadatar ba?

Wajibi ne, amma bai kai ba. Dubi gidan Bahaushe na gargajiya: ga katanga doguwa, ga zaure, ga shigifa, an karkata ƙofofin yadda mai wucewa ba zai hango tsakar gida ba. Wannan shi ne kulle saƙo. Amma maƙwabci yana jin dakan turmi tun asuba, yana ganin hayaƙin murhu uku maimakon ɗaya, yana ganin almajirai suna fita da manyan kwanuka. Bai leƙa ba, ya riga ya san yau akwai suna a gidan.

Haka abin yake a intanet. Mabuɗi yana ɓoye abin da ke cikin saƙo, amma ba ya ɓoye cewa an aika saƙo, da lokacin da aka aika, da girmansa, da inda aka nufa da shi. Tsakanin 2016 da 2017 wasu masu bincike a jami'ar Princeton ta Amurka sun gwada na'urorin gida da ake sayarwa a kasuwa, ciki har da kyamarar tsaro da na'urar da ke lura da barcin mutum. Saƙonnin a kulle suke, ba su buɗe ko ɗaya ba. Yawan bayanan da ke fita kawai suka auna, sai ga shi suna iya cewa yanzu ya kwanta, yanzu ya tashi, yanzu wani ya gitta gaban kyamara. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Kai ka taɓa ganin irin wannan da idonka?

Na gani, kuma tun ranar ban sake kallon aikina yadda nake kallonsa a da ba. Wani Alhaji da na haɗa wa sola ya kira ni batirinsa yana saurin sauka. Inbatar tana da ɗan ƙaramin abin nan da ake maƙalawa ya aika bayanai zuwa manhajar waya, kuma asusuna na mai haɗawa bai fita daga ciki ba tun ranar da na gama aiki. Daga shagona na buɗe jadawalin wutar gidan. Ga famfo yana tashi bayan sallar asuba. Ga firji yana shiga yana fita kamar numfashi. Ga dutsen guga yana cizon wuta kowace Juma'a da hantsi. Ga na'urar sanyaya ɗaki ta biyu da ta fara aiki da dare tun makonni uku da suka wuce. Sai kuma kwana tara a jere layin ya kwanta shamɓal, firji kaɗai ke motsi.

Da na je na ce, "Alhaji, kun yi baƙo ne ya zauna a ɗakin waje? Kuma kun yi tafiya da Sallah ko?" Ya tsaya yana dubana. Ya ce, "Malam, wa ya gaya maka?" Na nuna masa wayar. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in cire kaina daga ciki a gabansa. Gaskiyarsa ce, kuma na cire.

Wannan ilimi ya girmi wayar hannu. George Hart na jami'ar MIT ya fara aiki a kansa tun shekarun 1980, ya kuma wallafa cikakken bayaninsa a 1992: daga mita ɗaya tak ta bakin gida ana iya rarrabe kayan wutar da ke ciki, domin kowanne yana da irin tasa hawa da sauka. A 2011 masu bincike a Munsta ta Jamus sun nuna cewa mitar da ke aika karatu duk daƙiƙa 2 tana iya tona abin da ake kallo a talabijin, saboda hoto mai haske da mai duhu ba wuta ɗaya suke ja ba.

Idan masana suka ce tsari ya rufa asiri, me suke nufi takamaimai?

Kalmar da suke amfani da ita a Turance, "opacity", tana nufin abin da haske ba ya ratsawa. Ma'anarta a lissafi kuwa ga ta: duk hanyar da injin zai bi ya taɓa sirri, dole a samu wata hanyar da ba ta taɓa sirri ba, wadda daga waje kamanninsu ɗaya sak. Kowane motsi na sirri yana da tagwai mai tsabta. Mai leƙe zai iya zargi, amma ba zai iya rantsuwa ba.

Misalin da ya fi zauna mini daga yaƙin duniya na biyu yake. A 1941 da 1942 Ingila tana karanta saƙonnin sirrin Jamus da Italiya, don haka ta san lokacin da jiragen ruwan da ke kai wa dakarun Rommel, janar ɗin Jamus, mai da makamai a Libiya za su taso, da hanyar da za su bi. In ta kai hari kai tsaye kullum, abokan gaba za su gane an fasa musu asiri, su canza mabuɗi. Sai aka riƙa tura jirgin leƙen asiri daga tsibirin Malta ya je ya "gano" ayarin, ya bari a gan shi, sannan harin ya biyo baya. Wanda aka kai wa hari yana da bayani mai gamsarwa a hannunsa: jirgi ne ya hango mu. An ƙirƙira wa sirrin tagwai.

A fannin kwamfuta, Laurent Mazaré na Faransa ne ya shigo da ra'ayin a 2004 yana nazarin ƙa'idojin musayar saƙon sirri. Jeremy Bryans da Maciej Koutny da Peter Ryan a Newcastle ta Ingila suka faɗaɗa shi a 2005. A 2007 Anooshiravan Saboori da Christoforos Hadjicostis a jami'ar Illinois suka kawo shi cikin ilimin sarrafa injina, suka kuma rarrabe nau'o'insa.

A ba mu misali da za mu iya bi da yatsa.

Ɗauki mutum-mutumin asibiti. Yana tasowa daga kantin magani, ya bi baranda, ya ratsa ƙofar gabas. Bayan ƙofar akwai ɗakuna biyu: ɗaki na 4, inda ake jinyar waɗanda ba a so a san ana kai musu magani na musamman, da ɗaki na 5, ɗakin wanki. Na'urorin ji, wato masu gane wucewar abu, guda biyu ne kawai ke aika rahoto ta hanyar sadarwar ginin: ɗaya a ƙofar gabas, ɗaya a bakin lif. A ce wani ya samu damar karanta rahoton.

Ya ga "gabas". Mutum-mutumin yana ɗaki na 4 ko na 5, ba shi da hanyar tantancewa. A wannan lokacin asiri a rufe yake. Wannan shi ne nau'i na farko, ɓoye inda ake yanzu.

Amma ɗaki na 4 yana da ƙofar baya da ke fita kai tsaye zuwa lif, ɗakin wanki kuwa ba shi da ita, sai an dawo ta ƙofar gabas. Tafiyar wanki tana barin sawu uku: gabas, gabas, lif. Tafiyar ɗaki na 4 ta ƙofar baya tana barin biyu: gabas, lif. Da zarar mai leƙe ya ga "lif" ba tare da "gabas" na biyu ba, ya san inda aka fito. Mutum-mutumin ya riga ya bar ɗakin, amma asirin ya tonu daga baya. Shi ya sa ake da nau'in da ke tambaya ko za a iya gano inda aka kasance taku kaza da suka wuce, da wanda ke tambaya ko za a taɓa ganowa har abada. Akwai kuma na ɓoye mafari: jirgi maras matuƙi da aka hango a sama, shin hanyar da yake bi tana nuna sansanin da ya taso?

Mafi yawan waɗanda na ga sun yi tunanin tsaro a nau'i na farko suke tsayawa, alhali ɓarnar ta ƙofar baya take fitowa.

Idan an gano ɓarakar, yaya ake toshe ta?

Hanyoyi uku ne aka fi bi, kuma kowacce da kuɗinta.

Ta farko, a hana injin bin hanyar da ke tona asiri. Tushen wannan aikin Peter Ramadge da Murray Wonham ne na 1987, inda suka tsara yadda za a ɗora wa inji mai kula da ke da ikon hana wasu motsi, ba duka ba, domin akwai abin da ba ya hanuwa, kamar lalacewar bawul ko ɗaukewar wuta. A 2010 Jérémy Dubreil da Philippe Darondeau da Hervé Marchand a birnin Rennes na Faransa suka nuna yadda za a gina irin wannan mai kula don rufa asiri, ya hana mafi ƙarancin abin da ya zama dole. A misalinmu sai a haramta wa mutum-mutumin ƙofar baya. Asiri ya rufu, amma kowace tafiya ta ƙara tsawo, batir ya ƙara ci, maras lafiya na gaba ya ƙara jira.

Ta biyu, a rage abin da ake gani. A kashe na'urar jin bakin lif, ko a riƙa kunna ta a wasu lokuta kawai. Sauƙi gare ta, sai dai wanda ya saka na'urar ba don ado ya saka ta ba. Ran da mutum-mutumin ya maƙale, ita za a nema.

Ta uku ita ce ta fi burge ni. Yi-Chin Wu da Stéphane Lafortune na jami'ar Michigan suka tsara ta a 2014. Ba a taɓa injin ko kaɗan. A bakin fitar rahoto ake zaunar da wata 'yar manhaja da ke cusa alamun bogi. Mutum-mutumin ya fito ta ƙofar baya, kafin a saki "lif" sai ta saki "gabas" na ƙarya. Mai leƙe ya ga gabas, gabas, lif, ya ce wanki aka kai. Kyawunta a nan shi ne ko ya san akwai manhajar, ko ya karanta yadda take aiki, bai tsira da komai ba, domin tafiyar wanki ta gaskiya ma sawun da take bari ke nan.

Cusa alamun ƙarya cikin tsarin da rayuka suka dogara da shi, ba wasa da wuta ba ne?

Wasa da wuta ne idan ba a raba hanyoyi ba. Ƙa'idata ita ce: ƙarya tana fita waje kawai. Kwakwalwar da ke sarrafa injin, da ma'aikacin da ke zaune gaban allo, da abin da ke tsayar da komai in an samu haɗari, dole su ga gaskiya tsantsa ta hanyar da ba ta ratsa manhajar bogin ba. Duk ranar da rufin asiri ya ci karo da lafiyar mutum, asirin ne zai ba da hanya. In gobara ta tashi a baranda, a buɗe ƙofar baya, kowa ya gani.

Akwai tsamin dangantaka ta asali a nan. Tun 1995 Lafortune ɗin nan da abokan aikinsa suka tsara lissafin gano matsala, wato tabbatar da cewa in wani abu ya lalace a cikin inji, mai lura zai gane cikin taku ƙalilan. Wannan kishiyar rufin asiri ce: ɗaya yana so mai kallo ya tabbatar, ɗayan yana so ya kasa. Inji guda ake so ya zama fili ga mai gyara, hazo ga baƙo. Duk ƙwarewar tana wurin tantance wa ke ganin me.

Me ya sa ake ɗauka cewa mai leƙe ya san taswirar tsarin gaba ɗaya? Ba an ba shi ƙarfin da ba shi da shi ba?

Auguste Kerckhoffs, masanin rubutun sirri, ya amsa wannan tun 1883: a gina tsaro yadda ko tsarin ya faɗa hannun abokin gaba ba za a shiga uku ba. Littafin bayanin inji yana intanet. Irin na'urar da ka saya, shi ma zai iya saya ya kwance ta. Yaron da ka kora bara ya san inda kowace waya ta bi. Wanda ya dogara da jahilcin abokin gaba, ranar da abokin gaban ya yi karatu ya tashi ba shi da komai.

Yaya ake gwada ko tsari ya ci wannan jarrabawa?

Ana shiga rigar mai leƙe. A zana dukan halayen da injin zai iya shiga da motsin da ke kai shi daga wannan zuwa wancan. Sannan bayan kowace alama da aka gani daga waje, a rubuta jerin halayen da mai yiwuwa yana cikinsu. A misalinmu, bayan "gabas" jerin shi ne ɗaki na 4 da na 5. In aka taɓa samun jerin da babu komai a cikinsa sai halayen sirri, an faɗi.

Wahalar ita ce yawan jerin. Inji mai halaye 10 yana iya haifar da jeri har 1,024. Mai halaye 30, sama da biliyan ɗaya. Masana'anta ta gaske kuwa halayenta ba sa ƙirguwa da hannu. An tabbatar a lissafi cewa matsalar tana cikin ajin masu wuyar gaske, don haka ba a sa ran wata dabara da za ta sauƙaƙa ta a kowane hali. Abin da ake yi a aikace shi ne a datsa tsarin gunduwa-gunduwa, a jefar da bayanan da ba su shafi sirrin ba, a gwada abin da ya rage.

In ya ci jarrabawar, shi ke nan an huta?

A'a, kuma nan ne nake yawan jayayya da masu son takardar shaida. Lissafin cewa ya yi mai leƙe ba zai tabbatar ba. Bai ce ba zai yi hasashe mai kyau ba. In cikin tafiya 100 da ke ratsa ƙofar gabas 99 ɗaki na 4 suke zuwa, wanki sau ɗaya tak, to tagwan yana nan a takarda amma ba ya rufe komai. Ɓarawo ba alƙali ba ne da zai jira hujja yankakkiya. Shi ya sa aka fito da nau'in da ke saka yiwuwa a lissafi.

Sannan gwajin yana ganin abin da ka zana masa ne kawai. In tafiyar wanki minti goma take ci, ta ɗaki na 4 kuma minti uku, kai kuma ba ka saka lokaci a zanen ba, agogon mai leƙe zai rushe duk aikinka. Paul Kocher ya nuna a 1996 cewa ana iya ciro mabuɗin sirri daga auna tsawon lokacin da kwamfuta ke ɗauka tana lissafi, a 1999 kuma shi da abokan aikinsa suka yi haka ta auna wutar da katin lantarki ke ja. Ƙara, zafi, girgiza, hasken ƙwan da ke jikin allo, kowanne ƙofa ce. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba kasafai take inda mai gini ya duba ba.

Mitar gida fa, akwai abin da za a yi mata?

Akwai, kuma tsarin sarrafawa ne ke yin aikin. Tun wajen 2010 ake binciken amfani da batir a matsayin labule: idan kayan gida suka ja wuta da yawa batir ya cike giɓin, idan suka yi shiru batir ya ja ya yi caji, ta yadda mita ba ta ganin komai sai layi kusan miƙaƙƙe. Kuɗinsa shi ne batir yana tsufa da wuri, ana asarar wuta a kowace shiga da fita, kuma in ya cika ko ya ƙare labulen ya yaye. Hanya mafi arha ita ce rage yawan aikawa. Karatu ɗaya a rana ya isa a yi lissafin kuɗi, kuma ba ya nuna dutsen guga.

Idan kwamfutar da ke sarrafa injina tana hannun wani kamfani a wata ƙasa, shi ma za a iya ɓoye masa?

Abin mamaki, ana iya yi har wani mataki. A 1999 Pascal Paillier ya fito da hanyar kulle lambobi wadda in ka ninka kullallu biyu, abin da ke ciki ya taru, ba tare da ka buɗe ba. Yawancin dokokin sarrafa inji na yau da kullum kuwa tarawa ce da ninkawa da sanannun lambobi. Don haka na'urar ji ta kulle karatunta ta aika, kwamfutar nesa ta yi lissafi a kan abin da ba ta iya karantawa, ta dawo da amsa a kulle, injin ya buɗe da mabuɗinsa. Kiminao Kogiso da Takahiro Fujita na Japan sun gabatar da irin wannan sarrafawa a 2015. Craig Gentry kuma tun 2009 ya nuna hanyar da ke ɗaukar kowane irin lissafi, sai dai nauyinta ya fi yawa.

Cikas ɗin jinkiri ne. Tankin ruwa zai jira daƙiƙa ɗaya ba komai. Injin da ke buƙatar gyaran umarni sau dubu a daƙiƙa ba zai jira ba. Kuma mu tuna, wannan ma abin da ke cikin saƙo yake ɓoyewa, maƙwabci yana nan yana jin turmi.

Wai akwai masu zama su yi wannan leƙen da gaske, ko tsoron malaman jami'a ne?

A Disamban 2009 jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa mayaƙa a Iraƙi suna kallon hoton bidiyon da jiragen Amurka marasa matuƙi samfurin Predator ke aikowa ƙasa, da wata manhaja mai suna SkyGrabber da ake sayarwa kusan dala 26. Ba su karɓe tuƙin jirgin ba. Sanin inda yake kallo kawai ya ishe su.

Ranar 23 ga Disamban 2015 aka kashe wa masu amfani da wuta kimanin 225,000 wutarsu a Yukren, bayan an kutsa cikin kamfanonin rarrabawa uku. Maharan sun shafe watanni a ciki suna kallo, suna koyon yadda ake buɗe layi da rufe shi, kafin su taɓa komai. Kallo ne ke gaba, hari na biye.

Abin da ke sauƙaƙa musu shi ne tsufan harsunan da injina ke magana da su. Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, har yau yana cikin inbatoci da mitoci da allunan masana'antu ko'ina, har da waɗanda nake haɗawa. A asalinsa ba ya kulle saƙo, ba ya tambayar wa ke magana. Sai a 2018 aka fitar da sigarsa mai tsaro, kuma kayan da aka riga aka girka ba sa canzawa don an fitar da sabuwar takarda.

Injin sintiri fa, wanda kowa ke ganinsa a fili?

Shi sirrinsa inda zai je nan gaba ne. Maganin shi ne zaɓi irin na jefa ƙuri'a amma mai nauyi, wurare masu muhimmanci su fi samun ziyara ba tare da jadawali ya kafu ba. Filin jirgin saman Los Angeles ya fara amfani da irin wannan manhaja a 2007 don tsara shingayen bincike da zagayen karnuka, daga aikin Milind Tambe da ɗalibansa.

Wannan ilimi ba zai taimaki macuta su ɓoye ɓarnarsu ba?

Ya riga ya taimake su, kuma ba na ganin amfanin a rufe wannan. Ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Stuxnet da aka gano a 2010 ta shiga na'urorin sarrafawa na Siemens a tashar tace yuraniyom ta Natanz a Iran. Wani ɓangarenta yana naɗar karatun na'urorin ji na daƙiƙa 21 lokacin da komai ke lafiya, ya riƙa maimaita wa ma'aikata shi a allo yayin da ake lalata injinan. Cusa alamun bogi ke nan, an juya shi kan masu gida.

Na Volkswagen ya fi ci mini rai, domin injiniyoyi irina ne suka zauna suka rubuta shi. A Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bayyana cewa manhajar motocin dizal na kamfanin tana gane lokacin da ake gwada ta, daga abubuwa kamar sitiyari da ba ya motsi alhali tayoyi na juyawa, sai ta rage hayaƙi mai guba. A kan titi kuwa tana fitar da har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya. Masu bincike na jami'ar West Virginia ne suka bankaɗo shi, da suka ɗaura ma'auni a bayan mota suka hau titi da ita, wato suka kalla ta tagar da masu ɓoyewar ba su saka a lissafinsu ba.

Lissafin bai san halal da haram ba. Tambayar da nake yi kafin in karɓi aiki ita ce: wa ake ɓoye wa, kuma yana da haƙƙin sani? Ɓoye wa ɓarawo cewa gida ba kowa, rufin asiri ne. Ɓoye wa mai duba lafiyar jama'a abin da bututunka ke zubarwa a kogi, ha'inci ne, ko da dabarar iri ɗaya ce.

Doka ta ce wani abu?

Ta fara. A 2009 majalisar dattawan Holan ta ƙi amincewa da dokar da za ta tilasta wa kowane gida karɓar mita mai aika bayanai, saboda haƙƙin sirrin iyali, sai da aka mayar da abin na zaɓi. Tarayyar Turai tana aiki da dokarta ta kare bayanai tun 2018. Nijeriya ta samu tata a 2023, da hukumar da ke kula da ita. Jadawalin wutar gidan mutum da ke haɗe da sunansa da lambar wayarsa bayani ne a kansa, don haka mai haɗa sola da ke riƙe da asusun gidaje hamsin a wayarsa ya san amana ce a hannunsa.

Ni ƙaramin mai haɗa kaya ne, ba zan yi wancan lissafi ba. Daga ina zan fara?

Ka zauna da mai kayan kafin ka ja waya ko ɗaya, ka tambaye shi abin da ba ya so a sani, da wanda ba ya so ya sani. Yawanci bai taɓa tunanin ba, sai ka ba shi misali. Sannan ka fita ƙofar gida ka tsaya inda baƙo zai tsaya: me kake ji, me kake gani, wace fitila ce ke kunnuwa da wane motsi? Fitilar waje da ke kunnuwa ƙarfe bakwai daidai ko da mutane ko babu ta fi wadda ake kunnawa da hannu rufa asiri, domin ranar tafiya da ranar zama kamanninsu ɗaya.

Ka canza kalmar sirrin da na'ura ta zo da ita daga kamfani. Kada ka buɗe Modbus ga intanet kai tsaye. In manhajar tana ba da zaɓin tazarar aikawa, ka tsawaita ta iyakar abin da aikin zai ɗauka. Ka raba hanyar sadarwar injina da wadda yara ke kallon bidiyo da ita. Ranar miƙa aiki kuma ka buɗe wayarka a gaban mai gida, ka nuna masa abin da kake iya gani, ka bar shi ya zaɓa ko ka zauna a ciki don gyara ko ka fita. In ya ce ka fita, ka goge asusun yana kallo, ka rubuta masa a takarda yadda zai sake ba ka izini na kwana ɗaya ran da batir ya yi gardama.